Ƙamshin Kanumfari a Hoorn

Ranar Lahadi na kai budurwata Marthina garin Hoorn, da sunan yawon ganin tsohon gari. Muka tsaya a bakin ruwa, gaban wani rumbun kayan yaji na zamanin mulkin mallaka, wanda aka mayar gidajen haya.

Na ciro makulli na nuna mata tagar wani ɗaki a sama. "Namu ne, in kin yarda ki aure ni. Har yau katakon rufin yana ƙamshin kanumfari."

Ta daɗe tana kallon tagar. Iska ta watsa mata gashi a fuska, ba ta gyara ba.

"Sjoerd, daga ina kanumfarin ya zo?"

"Daga tsibiranku, Maluku. Na ɗauka zai tuna miki gida."

"Ai kuwa ya tuna mini. A kan kanumfarin nan 'yan mulkin mallaka suka ƙone ƙauyen kakanninmu, kai kuma ka samo mana wurin kwana a cikin rumbun. Kai, bawan Allah!"

"Sai mu nemi wani gidan."

"Ba gidan ba ne. Sau nawa ina ba ka labarin nan kana gyaɗa kai? Ashe ƙamshin kawai ka ji."

Ban ji zafi ba, ban ji komai ba.

Ta matso ta sumbace ni a kunci, dama, hagu, dama, yadda mu 'yan ƙasar nan muke sallamar kawu ko maƙwabciya bayan liyafa. Ba ta taɓa yi mini irin wannan sallamar ba.

"Ka gaida Mama," in ji ta, sannan ta nufi tashar jirgin ƙasa.