Dubiya a Tafe

Tun da kotuna suka cika da ƙararrakin iyalan waɗanda jini ya daskare musu a jijiya bayan tiyata suka rasu, gadajen asibiti suka daina barin kowa ya daɗe a kwance. Awa biyu na cika, gado zai karkace a hankali ya sauke mutum.

Gwaggo Dije ta zo daga ƙauye duba Lantana, 'yar ƙanenta, wadda aka yi wa aiki shekaranjiya. Ta same ta a baranda tana takawa.

"Wane marar imani ne ya tashe ki? Koma ki kwanta."

Lantana ta yi dariya tana dafe ɗinkin. "Gwaggo, gadon ne ya kore ni. Yanzu a tafe ake dubiya."

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ja ta ɗaki, ta kwantar da ita, ta danne gefen gadon da gwiwa. Sai gadon ya yi sallama cikin ladabi, ya ce, "Baiwar Allah, faɗi sunanki, saboda kotu."

Gwaggo ta janye ƙafa. "Ji min ɗan tsegumi."

Suka koma baranda, Gwaggo na raba wa masu wucewa dambun naman da ta kawo, ana ta raha. Can ta dubi Lantana ta ce:

"Da aka yi wa maigidana aiki, kwana tara ban bar shi ya taka ƙasa ba. A na goma muka rasa shi."

Lantana ta rage sauri.

"A'a," in ji Gwaggo, ta kama hannunta. "Mu ƙara zagaye ɗaya."