Takalmi a Kan Tabarmar Inna

Da la'asar ɗin jajiberin bikin Ista, Baba ya gasa ɗan rago ɗungurungum a gidanmu na Kara-Kara. Ya hana a karya masa ƙashi, domin ba a karya na Yesu ba. Sannan ya ce kowa ya sa takalmi, a ci a tsaye.

"Malam, a kan tabarmata?" in ji Inna.

"Haka aka umarci mutanen Musa. Mu ma kira muke jira."

Na ci ina leƙen ƙofa, nama na ƙona mini yatsu. Baba kaɗai Allah ya kira, tun damina ba ta faɗi ba. Har yau in na ji ƙamshin gashi, sai ƙafata ta hau neman takalmi.