Wankin Maƙoshi

Ranar da Kuluwa ta fita takaba, asibitin unguwa ta wuce. Tun da aka hana shan fura da ludayi ɗaya, kowa sai an duba ƙananan halittun da ke zaune a maƙoshinsa.

Ma'aikaciyar ta zaro zaren gwajin da Kuluwa ta haɗiye, ta duba na'ura.

"Inna, waɗannan ba naki ba ne. Da wa kike haɗa ludayi?"

"Da maigidana, a ɓoye. Ciwon maƙoshi ne ajalinsa."

"To nasa ne. Shanye wannan magani, gobe ba sauran ko ɗaya."

Rigunansa an raba, ɗakinsa an zuba 'yan haya. Kuluwa ta shafa wuyanta. Ashe nan kaɗai ya rage.

"Inna, masu layi suna jiranki."

Ta shanye. Ko ɗaci babu.