Mara Lafiya Na Sha Bakwai

Shayin Dakta ya huce a gefen kwamfuta, ko kallonsa bai yi ba. Sau uku yana tura jerin haruffan nan, wato bayanin wata ƙwayar cuta da ya gani, cikin babban rumbun da masana ke adana bayanan ƙwayoyin cuta, sau uku amsa tana dawowa iri ɗaya: ba a san wannan ƙwayar ba.

Shekara goma sha biyu yana jiran wannan amsa. Aikinsa shi ne ya karɓi abin da na'ura ta karanto daga majinar marasa lafiya, ya tace shi a kwamfuta, ya faɗi irin ƙwayar da ke ciki. Kullum da tsofaffin abokai yake gamuwa, mura da 'yan'uwanta. Har Darakta, shugaban cibiyar binciken da yake aiki, ya gaji, ya faɗa masa a gaban mutane cewa idan shekara ta ƙare sashensa bai gano komai ba, za a rufe shi a mayar da ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru. Saura wata biyu, sai ga sabuwar ƙwaya har gida. Dakta kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha don murna.

Samfur ashirin da huɗu ne a wannan zubin, kowanne da ɗan ɓurɓushin ƙwayar a ciki. Amma na sha bakwai daban yake. Kusan duk abin da na'ura ta karanto daga cikinsa ƙwayar ce, alamar ɗan'adam kuwa da ƙyar ake ganinta.

"Innalillahi," in ji Dakta. "Ta cinye wannan bawan Allah."

Shi Dakta ba ya taɓa kwalba. Wata dattijuwa ce ke wannan aikin a ɗakin ƙasa, kowa yana kiranta Uwar Kwalabe. Ita ke jera samfura, ta ba su lamba, ta rubuta a wani littafi da take kullewa a durowa. Mace ce mai shegen bin ƙa'ida, ba ta yarda da komai sai ta gwada, shi ya sa jininsu bai haɗu da Dakta ba. A ranar da ta gama zubin ta tafi a yi mata aiki a gwiwa, makullin yana jakarta. Ya kira ta, ta zo da tambayoyinta ta rage masa gudu? Allah ya kiyaye.

Sai ya nufi asibitin da ya aiko samfuran. Shugabar ma'aikatan jinya ta buɗe rajista, ta bi sunaye da yatsa, ta ce mutum ashirin da uku suka ɗauka. An kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya warke yana harkarsa.

"Ashirin da huɗu ne, Sista," in ji Dakta. "Wato mutum mafi haɗari a garin nan shi kuka manta ba ku rubuta ba?"

Ya wanke ta tas a gaban ƙananan ma'aikata, har sai da baiwar Allah ta yi hawaye.

Daga ranar mutumin nan ya zauna masa a rai. Yana ganinsa a idon zuci, ramamme, wataƙila direba ne ko lebura, yana tari cikin motar haya babu mai kula shi. Gaskiya yana tausayinsa, kodayake tausayin bai hana shi sayen sabuwar kwat ba. Matarsa ta ce, "Kai kam ko yaranka ba ka ambatonsu kamar Sha Bakwai ɗin nan. Ƙaninka ne?"

Darakta, wanda a da ba ya amsa gaisuwarsa sai da hanci, yanzu "Dakta namu" yake cewa. Aka tara 'yan jarida, Dakta ya tsaya cikin sabuwar kwat ya nuna musu zanen ƙwayar, ya roƙi mara lafiyan da ya fito don Allah, ba kama shi za a yi ba. Rediyo ya ɗauka. Duk wanda ya yi tari a mota sai ya samu kujera shi kaɗai. Mutum tara suka kawo kansu, wani ma surukinsa ya kawo, amma babu shi a ciki. An neme shi sama ko ƙasa an rasa. Rahoton bincike kuwa tuni ya tafi wurin manyan masana, da sunan Dakta a sama.

Ran Litinin ɗin mako na uku Uwar Kwalabe ta dawo tana dogara sanda. Darakta da baƙi suna sama suna jira, motar asibiti tana bakin ƙofa a shirye. Dakta ya sauko ɗakin ƙasa da kansa, abin da ya shekara bai yi ba.

"Inna, ya jiki? Buɗe mana littafin nan. Sunan na sha bakwai nake so, da adireshinsa."

Ta zauna a hankali, ta jingine sandar, ta laluba jaka ta ciro makulli. Ta buɗe shafin, ta gyara tabarau.

"Au, wannan? Ai ba daga asibiti ya zo ba, ni na saka shi. Sabbin sinadaran nan da aka sayo mana ne ban yarda da tsabtarsu ba. Na ce bari in saka na gwaji a tsakiya, idan akwai datti a cikinsu sai ya nuna kansa a nan. Me ka gani a ciki?"

Dakta ya matso kusa da ita. Daga sama yana jiyo dariyar Darakta.

"Inna, majinar wa kika saka?"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta juyo masa da littafin.

"Majinar wa kuma, Dakta? Ruwa ne zalla."