Yau Ba Mai Shiga Ramin Nan

"Yau ba mai shiga ramin nan," in ji jami'ar kiyaye haɗurra, tana tsaye a bakin ramin ma'adinai da sandar ƙarfe a hannu.

Mahaƙa suka kwashe da dariya. Tuni suka laƙaba mata suna Idan-Kuma, don ko tsani za a hau sai ta ce, "Idan kuma ya zame fa?"

"Na ƙwanƙwasa rufin, yana amsawa kamar ganga," ta ce. "Katakon da ya tokare shi ma ya tsage."

Shugaban mahaƙa, wani tsoho, ya gyara hular kwanonsa. "Yarinya, tun ba ki san damanki da hagunki ba nake cin abinci a ramin nan. Matsa."

"Sai dai ka ɗauke ni."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi. Ko gezau.

Suna cikin haka ƙasa ta girgiza. Rufin ya rufta daidai inda za su tsaya aiki, ƙura ta yi musu hoda. Dariya ta koma ciki.

Tsohon ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Don Allah, in mun koma gida, kada ki gaya wa mamarki."