Baƙon Kwana Uku na Dona Graciete

Wani saurayi yana zaune a bakin ƙofar gidan, jakarsa tsakanin ƙafafu, ruwan sama na ɗiga daga hularsa, lokacin da Dona Graciete ta dawo daga kasuwa da kifi a kwando.

"Kai ɗan nan, ba ka da uwa ne?"

Ya ce sunansa Remi, daga Faransa. Wata guda ke nan yana yawo da jaka a baya, yau ya iso birnin Porto na ƙasar Portugal ya tarar masaukin matafiya ya cika, otal kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Harshen garin a bakinsa a karye yake, amma ana ganewa.

Graciete ta sauke kwandon. Shekara hamsin da ɗaya tana haya a hawa na biyu, a kan tsohon farashi. Maƙwabta duk an sallame su, an mai da ɗakunansu na 'yan yawon buɗe ido. Ita kaɗai ta gagara, don takardar hayarta ba ta da wa'adi. Sharaɗi ɗaya ne a ciki: ranar da ta saukar da baƙo don kuɗi, ranar ta rasa gidan.

Ta dubi ruwan, ta dubi yaron. "Tashi mu je. Amma kada ka yi mini maganar kuɗi."

Ya karɓi kwandon ya wuce gaba, ya tsallake matakala ta uku da ta ruɓe, ya jira ta a sama.

Kwana uku ya yi a ɗakin baya. Yaro mai ladabi, yana wanke kwano, yana ce mata Iya. Hular ce kawai ba ya cirewa ko a kan tebur. Da ta yi faɗa ya ce sanƙo ne ya kama shi da wuri, kunya yake ji. Ta yi dariya har da hawaye.

Abilio, mai gyaran takalmi a ƙasan gidan, ya leƙo da suka fito da safe.

"Tsohuwa ta yi saurayi! Yaushe biki?"

"Ranar da ka yi wanka."

Ya bi ƙafafun baƙon da kallo, ya rage murya. "Wata guda a hanya, ki ce? Takalman nan ko mako ba su yi ba."

"Hassada ce, don ba kai ka ɗinka ba."

Ita ta zaga da shi gari da ƙafa, don kada ya kashe ko sisi. Ta nuna masa inda ake ganin kogi da gadar ƙarfe ba tare da tikiti ba, da cocin da ƙofar gefensa ba ta da mai gadi, da gidan abincin da 'yan dako ke shan miya da araha. Gwiwarta na ciwo, ba ta faɗa ba. Rabonta da wanda zai riƙe mata hannu a gangare tun rasuwar mijinta.

A rana ta biyu ta yi masa taliyar madara mai kirfa, ta ba shi labarin Duarte, ɗan mai gidan. Uwarsa ba ta da lafiya, don haka a wannan ɗakin ya girma har shekara shida. Wata rana matakala ta uku ta kayar da shi, goshi ya tsage, ta ɗaure da gyalenta ta ruga da shi asibiti ba takalmi. Bayan nan uban ya kwashe iyalinsa suka bar ƙasar. Bara aka ce uban ya rasu.

"Ban haifa ba," in ji ta, "amma na yi reno."

Remi ya suɗe kwanon tas.

Ran tafiya ya danna mata Yuro ashirin a hannu. Ta mayar, ya sake dannawa.

"Iya, in kika ƙi, raina ba zai kwanta ba har in isa gida."

Ya miƙa wa Abilio waya ya ɗauke su hoto: ita tana dariya da kuɗin a hannu, jakar a bakin ƙofa. Ta ɗaura masa mayafin wuyan marigayi mijinta, ta cusa masa burodi da cuku. Kuɗin kuwa coci ta kai, ta kunna kyandir don Allah ya kai shi lafiya.

Bayan mako uku wasiƙar lauya ta zo, da hoton a ciki, shaidar cewa ta saukar da baƙo don kuɗi. An ba ta wata ɗaya ta kwashe kayanta. Magajin gidan zai zo ranar Alhamis ya duba.

"Da hannuna na ɗauka," in ji Abilio, yana dafe da kai. "Da hannuna!"

"Hayar yaron nan lauyoyi suka yi. Ya ci abincina ya tona mini rami, shi da Allah." Ta goge ido. "Amma magajin ai Duarte ne. Bai san ni ce ba. Yana ganina magana ta ƙare."

Ranar Alhamis ta tashi da wuri, ta yi taliyar madara, ta zana harafin sunansa da kirfa a kai. Ta sa rigarta ta zuwa coci ta zauna.

Ta ji tafiyar mutum biyu. Ɗaya ya yi tuntuɓe a matakala ta uku ya yi tsaki, ɗayan bai yi ba. Lauya ya fara shigowa, ya matsa gefe ya ba magajin hanya.

Remi ne ya shigo cikin kwat, babu hula, gashi cike da kai, ga kuma tabon nan a goshi, daidai inda ta ɗaura gyalenta.