Waƙar Tabawa a Bakin Uwani

Tun da kamfanonin waƙa suka durƙushe, wayoyi ke sauraron abin da mutane ke rerawa, su fitar da gwanar shekara.

Uwani, wadda a da kamfani ke liƙa hotonta har kan gada, ta je cefane. Ta tarar mai tattasai na rera waƙar Tabawa, tsohuwar 'yar amshinta, waƙar da aka ɗauka a madafi har ana jin lugude.

"Hajiya, kin san ta kuwa?" ya tambaya.

"Ni na koya mata jan numfashi," in ji Uwani.

Ta kamo hanya tana tsaki, tana kushe baitocin, har bakinta ya suɓuce ta rera amshin. Sai wayarta ta ce daga cikin jaka, "Mun gode, Uwani. An saka ki cikin masoyan Tabawa."